Sai Ya Zauna

Har gobe ba na mantawa da ranar da kalma ɗaya ta kusa raba ni da abincina. A Jalingo ne, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara nasu ya nasu. An ɗauke ni makanike a garejin motocin ma'aikata, gwajin wata uku, wanda ya yi ɓarna a ciki kuwa sai gida. Saura mini kwana tara.

Shugabanmu Bappa Hamman ne, Bafillace, gwanin aiki, amma Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. Ni kuwa da yake iyayena daga Kano suka zo, ina ji da tawa, har dariya nake masa a ɓoye.

Aka kawo tsohuwar jif ɗin baturen dabbobi, gabanta na kuka kamar tsohon gado. Muka ɗaga ta da jak, muka sake robobin bakin sifirin na gaba, waɗanda kusoshi ke ratsawa. Da Bappa zai tafi sallar azahar, sai ya kira ni da sunan da Filani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, kar ka ɗaure noti sai ya zauna."

Na waiga, namiji ɗaya ne a wurin, Audu direba. Na ce ya shiga ya zauna.

"A sama haka?" in ji shi.

Na ce umarnin Bappa ne. Ya hau yana ɓare gyaɗarsa, na ɗaure notin nan tamau, sannan na sauke motar ina jin kaina.

Ashe motar ce Bappa yake nufi. Ƙa'idar ita ce a sauke ta, nauyinta ya kwanta a kan tayoyinta, sannan a ɗaure. In aka ɗaure tana rataye, tana sauka roba ta murɗe, kowane rami kuma ƙara yaga ta yake yi.

Bayan kwana huɗu Audu da baturen suka dawo da motar daga Sunkani, robobin sun yi kaca-kaca. Bature ya tambayi wanda ya yi aikin. Audu ya zayyana yadda na ɗora shi a sama, Bappa ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, hannun shi ba laifi. Bakina ne ya yaga roba."

Bature ya girgiza kai, ya ce a gyara kafin gobe.

Da ya tafi Bappa ya miƙo mini sifana. "Kai kana da Hausa, ni ina da mota. Wanne ake ci?"

Kunya ta kama ni sosai, na kasa ɗaga ido. Da kwanakin suka cika, shi ya sa hannu aka tabbatar da ni.

Ku da kuke tasowa, ku bar mota ta tsaya da ƙafafunta kafin ku ɗaure gabanta. In kuma umarni ya zo muku a karkace, ku tambaya, ko za a ce muku baƙauye. Ba kowane shugaba ne zai ɗauki laifinku ya aza wa bakinsa ba.