Yadda Na Goyi Maƙeri Zuwa Birnin Fara

Hadiza, ɗauko bironki, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. Tun jiya 'ya'yanki suke cika mini kunne da gardama a kan wasan nan na cikin waya, wanda mutum ke zama jarumi ya shiga daji yana faɗa da dodanni. Wannan ya ce jarumin bai mutu ba, zai dawo a kashi na gaba. Wancan ya ce ai dokinsa ne ya ci amanarsa. Suna yi ina dariya, sai na ji hawaye na bin kumatuna. Su a zatonsu su suka fara. Mu ma mun yi irin wannan gardama a nan Jibiya, ba waya, ba lantarki, sai kakata Tambai da ɓawon gyaɗa huɗu.

Lokacin ina 'yar shekara goma ko kusa da haka. Zamanin nan ne da aka ce an samu arzikin mai a kudu, kowa ya tashi tsaye. Manyan motoci su yi layi a bakin iyaka tun daga shingen kwastan har kusa da gidanmu, samari sun ajiye fartanya sun bi hanya, wanda ya dawo ya dawo da rediyo rataye a kafaɗa. Kaka tana suyar gyaɗa, da safe mu kai wa direbobi. To bayan magariba, in an ci tuwo, sai ta hura wuta ta ɗora kasko, mu kewaye ta muna ɓarar ta gobe. Wanda bai ɓare ba, ba ya ji. Sai ta juya gyaɗar ta ce, "To, ga ta nan inda muka ɗaure ta jiya." Mu ce, "Kwance ta mu ji."

Tatsuniyar Kaka ba irin ta kowa ba ce. Guda ɗaya ce, ba ta ƙarewa, kuma mu ne mutanen cikinta. Wai Sarauniyar Fara ce ta sace ruwan sama ta kulle a cikin gora, ta kai birninta bayan duwatsu, mu ne ayarin da aka tura mu ƙwato. Ba mu daɗe da fita daga fari ba a lokacin, don haka mun ɗauki aikin da gaske. In an zo wurin haɗari Kaka sai ta tsaya ta dube ka ta ce, "Kai, mi za ka yi?" Ka faɗa. Sai ta girgiza ɓawon nan huɗu a tafinta ta watsa a ƙasa. In uku sun kwanta rigingine ka ci nasara. In sun kife, sai abin da Kaka ta ga dama, kuma Kaka ba ta da tausayi a wannan wuri.

Ni ce Maharbiya, ina da baka da kibiya ɗaya tak ta azurfa wadda aka ce ita ce ajalin Sarauniyar Fara. Yayana Audu shi ne Ɓarawo mai layar zana. Talatu 'yar baffana ta zo a makare an rabe muƙamai, sai Kaka ta ba ta Mai Tuwo, makaminta muciya, ta yi kwana biyu tana kumburi. Akwai kuma wani yaro da iyayensa suka tsallako daga Nijar lokacin fari, babanmu ya ba su ɗaki. Shi ne mahaifinki, Allah ya jiƙansa, Allah ya haskaka kabarinsa. Sunansa ba zan faɗa ba, ban taɓa faɗa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ki rubuta Maƙeri, don shi ne muƙaminsa.

Maƙeri bai taɓa yin faɗa ba. Dodo na bin mu, kowa na ihu, sai ya ɗaga hannu a natse ya ce, "Ku dakanta in ƙera wani abu."

Audu ya ce, "Kai ɗan Faransa, dodon zai jira ka ka hura zuga ne?"

Ya ce, "Sai in ƙera mishi kujera ya zamna."

Kaka ta yi dariya har ta kusa ƙona gyaɗa. Ta watsa ɓawo, duk huɗun suka kwanta rigingine. Haka dodo ya zauna a kujera yana jin daɗi, muka wuce ta bayansa.

Amma daɗin abin ya fi yawa da rana. Kin san an hana tatsuniya da rana, an ce mai yi zai ɓata a hanya. Audu ya yanke mana hukunci cewa hasashe ba tatsuniya ba ne, tunda ba a riga an faɗe shi ba. Duk da haka ba mu yarda da hukuncinsa sosai ba, kafin mu fara sai kowa ya ƙulle kan ciyawa don kariya. Har ciyawar bayan gidanmu ta zama ƙulli-ƙulli, akuyoyi na ci suna mamaki. Mu zauna da farantan gyaɗa muna musu. Me ke cikin rijiyar da Kaka ta hana mu leƙawa? Tsohon nan mai ido ɗaya da ke nuna mana hanya, mutum ne ko aljani? Talatu ta rantse mijin Sarauniyar ne da ta kora. Abin har ya kai ga direbobi. Akwai wani mai baƙin tabarau da duk ya gan mu sai ya leƙo ta tagar motarsa ya ce, "'Yan mata, an kai ina?" Shi ra'ayinsa jakin da ke ɗaukar mana kaya ne munafukin, don tun da aka fara tafiya ba a taɓa cizonsa ba. Muka koma muna zargin jaki, Audu har ya nemi a ɗaure shi a bishiya a yi masa tambayoyi.

Daga baya muka gane Kaka na sauraron hasashenmu, duk abin da muka ce zai faru sai ta yi akasinsa. Sai muka koma yi mata dabara, mu tsaya kusa da ɗakinta mu ɗaga murya, "Wallahi ba za mu taɓa samun doki mai fiffike ba!" Ta yi kamar ba ta ji ba. Da yamma ta ba mu raƙumi mai tari.

Doka ɗaya Kaka take da ita wadda ba ta lanƙwasuwa. Wanda ya yi fashi sau uku a jere, an bar mutuminsa a daji, kura ta cinye. Ta yi wa Audu, jikanta na cikinta. Da can shi ne Jarumi mai takobi, maƙwabcinmu ya sayo rediyo, Audu ya tare a can kwana uku. Ya dawo Kaka ta ce Jarumi ya ci wake ya ƙoshi ya kwanta, kura ta zo ta tarar da shi yana minshari. Audu ya yi kuka da majina, bai hana komai ba. Shi ya sa ya koma Ɓarawo.

Ana cikin haka, mun kusa ganin ganuwar birnin, sai mahaifin Maƙeri ya samu aikin gadi a Kaduna. Ba a yi wata doguwar sallama ba. Da safe aka ɗora su a bayan motar siminti da ta sauke kaya, kamyo kamar yadda yake cewa. Ina tsaye da farantina a ka. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Indo, kada ku bari kura ta ci ni." Motar ta tashi.

Maraicen farko Kaka ta ce Maƙeri ya gaji ya kwanta a gindin tsamiya. Na biyu ta ce an fara ganin idanu na ƙyalli a bayan tsamiyar. Na ce, "Kaka, ai ba da son ransa ya tafi ba."

Ta ce, "Kura ba ta tambaya, ɗiyata."

Na roƙa, na yi alkawarin ɓare kwano biyu. Daga ƙarshe ta yarda gobe za ta watsa ɓawo sau ɗaya a kansa.

Ban yarda da sa'ata ba. Da rana na je inda take ajiye ɓawon, a kan katangar madafa. Na samo ƙaro na tauna ya yi laushi, na shafa a bayan kowane ɗaya, a tunanina nauyin zai sa su faɗi rigingine. Na barbaɗa ƙasa don kada a gani. Abin da ban lissafa ba shi ne zafin wuta da zafin hannun Kaka.

Aka zauna. Ta ɗauko ɓawo ta damƙe, ta daɗe tana ba da labarin yadda kuraye suke lasar baki. Sannan ta girgiza ta watsa. Ba abin da ya faɗi. Ta sake watsawa. Ta buɗe tafinta, ga su nan su huɗu sun manne kamar kaska. Audu ya faɗi ƙasa yana birgima. Talatu ta ce, "Sarauniyar Fara ce! Na faɗa muku tana da asiri!" Ni kuwa na sunkuyar da kai, ina jin kamar ƙasa ta tsage.

Kaka ta ciccire su ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba, har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta ce, "Ɓawo ya ƙi magana yau, to ni za ni yi. Mutum na kwance, kura na tahe. Ba ya iya tashi. Sai dai in akwai mai goyon shi."

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Tsaya ki ji. Mai goyo ba ta jan baka. Ki aje baka, ki aje kibiyar. Kuma goyo ba gawa ba ne. Kullum in na zo kanshi na ce mi za ka yi, ke za ki amsa mishi, da irin maganar shi. Ranar da kika rasa abin cewa, ya zame ya faɗi."

Hadiza, kusan shekara ina riƙe da kibiyar nan. Sau nawa dodo ya kusa cinye mu na ƙi harba ta, ina tanadinta don rana ɗaya. Har a mafarki nakan ga kaina a ƙofar birnin ina jan baka. Audu ya ce, "Ke, kada ki yi wauta, wa zai kashe mana ita? Wanda ya tafi ya tafi." Na ce, "Na ajiye."

Tun daga ranar na shiga tsokana. Duk inda na bi sai a ce ga matar Maƙeri, ya goyo, ya yi barci? Direban nan mai tabarau ya ce a shafa masa kan jariri. Kuma aikin ba sauƙi, don sai na wuni ina tunanin abin da shi zai ce, ba abin da ni zan ce ba. Ni mai son faɗa ce, shi kuwa mai neman hanyar da kowa zai wuce lafiya. Na ƙera wa jaki takalman ƙarfe. Na ƙera wa raƙumi mai tari murfin baki don kada ya tona mu. Wata rana na kusa rasa abin cewa, gumi ya keto mini, sai na ce Maƙeri ya ce a sauke shi zai yi fitsari. Kaka ta ce wannan ma magana ce, ta karɓa.

Ranar da muka shiga Birnin Fara, Audu ya ɗauki kibiyata ya harba, ɓawo ya kife duka, ta sami gindin jaki. Sarauniya ta taso mana. Kaka ta juya ga Talatu ta ce, "Ke Mai Tuwo, mi za ki yi?" Talatu ta ce, "Fara ce fa, Kaka. Soya ta zan yi." Aka watsa, huɗu rigingine. Da muciya aka gama da Sarauniyar Fara, aka sa mata gishiri da yaji, aka fasa gorar ruwa. Mun yi ihu har babanmu ya leƙo ya ce lafiya. Talatu ta yi shekara hamsin tana yi mini gori. Ni ina gefe da goyo, ban taɓa ko fiffikenta ba. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma da Maƙeri aka shiga birnin.

Bayan shekara bakwai wata mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, wani dogon saurayi mai gashin baki ya sauko, ya zama direba. Ya gaida babanmu, ya shiga ya durƙusa gaban Kaka, ta tsufa sosai a lokacin. Bayan gaisuwa ya yi ƙasa da murya kamar mai tambayar mara lafiya ya ce, "Kaka, kura ta ci ni?"

Ta ce, "Tambayi wadda ta goye ka, ga ta can tana laɓe bayan rumbu."

Sauran kin sani, ke ce ta uku a cikin abin da ya biyo baya.

Bari in share fuskata. A'a, kada ki ajiye biron, ba komai, kukan ma daɗi gare shi.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka horo ta yi mini saboda ƙaron nan. Sai da aka fita da gawar mahaifinki daga ɗakin can bara, gidan ya yi tsit, sannan na gane abin da ta koya mini tun da wuri. Na san inda yake, ba na jayayya da Mai abu. Amma har yanzu in magana ta taso a gidan nan, in 'yan'uwanki sun ɗaga wa juna murya, nakan ji an zo kansa an yi shiru, sai in buɗe baki in faɗi abin da zai ce, ba abin da ni zan ce ba. Kun sha cewa Inna ta yi sanyi tun da Baba ya rasu. Ba sanyi na yi ba, shi nake amsa wa.

Kaka ta tafi, Audu ya tafi, Talatu ta bi su da gorinta. Ni kaɗai na rage a ayarin. Ki rubuta cewa goyon nan yana da nauyi, ya fi na wancan karon nauyi nesa ba kusa ba. Ki kuma rubuta cewa har yau ban rasa abin cewa ba.