Alewar Da Na Raba Kan Ƙarya

A lokacin ni mace ce mai tsoron bakin mutane fiye da komai. Ina ɗinkin abaya a gida a unguwar Nuzla, maigidana yana aiki a masana'anta, 'yarmu ta fari kuma tana sakandare, shekararta goma sha shida. Yarinya ce mai hankali, kowane darasi tana ci, ban da lissafi. Da sakamako ya fito ta faɗi lissafin, makaranta ta ce dole ta sake zana jarrabawar, in ba ta ci ba ta maimaita shekara.

A layinmu in ɗanki ya ci jarrabawa, alewa kike rabawa gida-gida. Ranar tun la'asar farantai ke shigo mini. Da matan suka tambaye ni tawa fa, sai bakina ya riga hankalina, na ce ta ci. Washegari na sayo alewa, har na sa ta kai wa maƙwabta da hannunta. Wallahi a lokacin gani nake rufa mata asiri nake yi.

A saman benenmu akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar lissafi, da ke koya wa yaran unguwa kyauta. 'Yata ta roƙe ni in bar ta ta je wurinta, na hana, na ce wanda ya ci me zai je nema. Haka ta zauna ita kaɗai a ɗaki, tana rubutawa tana gogewa har takarda ta huje. Ranar jarrabawa na fitar da ita da sassafe kamar ɓarauniya. Ta sake faɗuwa.

Ba ta yi kuka ba. Ina ba ta haƙuri, sai ta ce mini shekarar ba ta dame ta ba. Abin da ya yi mata ciwo shi ne na raba alewa don wata 'yar da ba ni da ita, ita kuwa da Allah ya ba ni na ɓoye ta. Har yau in na tuna maganar nan zuciyata karyewa take yi.

Na hau wurin malamar na faɗa mata gaskiya, kaina a sunkuye. Ta ce ai ta sani tun ranar alewar, don yarinyar da ta ci ba ta miƙa faranti tana kallon ƙasa. Ta ce kullum bayan la'asar tana barin ƙofarta a buɗe, ko yarinyar za ta shigo.

Shekara guda 'yata ta yi tana hawa benen nan, bana kuma ta ci. Na koyi cewa faɗuwa jarrabawa ba abin kunya ba ne, ni ce na mayar da ita haka. Iyaye 'yan uwana, in ɗanku ya faɗi, ku faɗi gaskiya ku nema masa taimako. Surutun mutane kwana biyu ne. Ni tsoronsa ya ci wa 'yata shekara guda, alhali taimakon yana saman kanmu, matakala goma sha biyu kacal.