Busa Biyu a Baki Ɗaya

Shekaranjiya da hantsi matata tana goge tukunya da toka da tsamiya a tsakar gidanmu na Kalgo, sai warin jiƙaƙƙen ƙarfe ya doki hancina. Na tsaya da buta a hannu. In ka taɓa ɗora bakin kakaki a leɓenka, ka san warin nan, domin ba a hanci kaɗai yake tsayawa ba, har kan harshe yake sauka. Matata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, na wuce.

A Gwandu aka haife ni, a gidan masu busa. Kakana shi ne babban mai busa kakaki a ƙofar hakiminmu, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Tsoho muke ce masa, yara da manya. Kakakinsa gaɓa uku ne, in an harhaɗa shi ya fi dogon mutum tsawo, kuma a bangon zaure yake rataye cikin tsohon zane. Duk ranar Alhamis sai a sauko da shi a goge, bayan la'asar Tsoho ya saɓa shi ya nufi ƙofar hakimi. Daga gida muke jin sa. Mata suna daka, sai ka ga sun ɗan dakata da taɓarya.

Ban san ubana ba a lokacin. Tun ina rarrafe ya bar gari ya shiga badujalar 'yan sanda, wato ƙungiyarsu ta masu kiɗa da busa, ya bar ni da Inna a hannun Tsoho. Da yake shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, gadon sai ya tsallake shi ya faɗo kaina.

Ina da shekara bakwai Tsoho ya fara da ni a gindin tsamiyar bayan gida. Bai ba ni kakaki ba. Ƙwaryar ruwa ya ajiye min da reshen ganyen gwanda, mai rami a ciki, ya ce in cika kumatu in yi ta hurawa, kada kumfa ya yanke. Damina guda na yi ina wannan. Daga nan ya koma koya min kalmomi. Kakaki murya biyu gare shi, ta ƙasa da ta sama, kuma da su biyun ake faɗin kirarin hakimi har mai tafiya a hanya ya gane abin da aka ce. In za mu fadama ban ruwan albasa da rani, yana gaba ina baya, ina maimaita kirarin da baki har mu isa.

"Kakaki ba waƙa yakai ba, magana yakai," in ji shi. "Ka faɗi abin cikin cikinka tukuna, sannan ka sake shi."

Ina shekara goma sha ɗaya ubana ya bar aiki ya dawo. Da kaka ne, ana shigo da gero, ƙofar gida duk dammuna. Ya sauko daga mota da baƙin akwati ƙarami, a cikinsa akwai ƙahon Bature mai maɓalli uku, irin wanda mutanenmu suke haɗawa duka su ce begila. Gajere ne, a nannaɗe, yana ƙyalli kamar sabon kwano. Da yamma maƙwabta suka matsa masa, ya tsaya a ƙofar zaure ya busa. Ban taɓa sanin ƙarfe yana iya hawa da sauka haka ba. Yatsunsa suna motsi, sauti yana gudu kamar ruwa a kwalbati, fuskarsa kuwa ko motsi ba ta yi. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Da daɗi," ya shige ciki.

Bayan kwana kaɗan ubana ya gan ni a gindin tsamiya, kumatuna sun kumbura kamar na kwaɗo. Da rana ta yi sanyi ya kira ni bayan rumbu, ya miƙo min madubin Inna. Ya ce yanzu duniya ta bar busa da kumatu. Leɓe ake tamkewa, iska daga ciki take tasowa, harshe ne yake yanka sauti, tu, tu, tu. In na ga kumatuna sun taso a madubi, in tsaya in sake. Ya nuna min takardu masu layi biyar da ɗigo-ɗigo a kansu, ya ce duk wanda ya iya karanta su zai yi busa da mutumin da bai taɓa gani ba, ko ba sa jin yaren juna.

Haka rayuwata ta rabu biyu. Da safe in cika kumatu a gaban Tsoho, da yamma in tamke leɓe a gaban ubana. Su biyun kwano ɗaya suke cin tuwo, suna hirar taki da farashin albasa, ba mai ɗaga zancen. Sau ɗaya tak na ji sun taɓa shi, ina kawo musu ruwan wanke hannu.

Tsoho ya ce, "Ka bar min yaron ga."

Ubana ya ce, "Baba, ɗana ne."

"Kai ma ɗana na. Na riƙe ka?"

Suka ci gaba da cin tuwonsu.

Kada ka tambaye ni wanne na fi so. A farko begilar ta ja ni, ba zan ɓoye ba. Amma da tafiya ta yi nisa sai leɓena ya tsage, ya kumbura, ya warke, ya sake tsagewa. Inna tana shafa min man shanu, tana cewa ita dai ba ta haifi ɗa don a raba bakinsa ba, amma a ɗaki take faɗi, ba a tsakar gida ba. Ni kuwa na daina so, na daina ƙi. Duk wanda ya tsaya a gabana, abin da ya ce shi nake yi.

Da bazarar da na cika sha biyar haƙoran Tsoho na gaba suka zube. In ya ɗora kakaki, iska sai ta tsere ta gefe. A cikin wannan bazarar hakiminmu ya rasu, aka sa ranar naɗa ɗansa. Tsoho ya ce ni zan tsaya a wurinsa.

Ranar ana zafi tun da sassafe. Na tsaya a gaban jama'a, Tsoho yana bayana, har ina jin numfashinsa a wuyana. Da sabon hakimi ya fito da rawaninsa, na ɗaga kakaki sama. Ban yi niyyar komai ba, wallahi. Leɓena ne ya tamke da kansa, kumatuna suka ƙi cika, harshena ya shiga yanka sauti. Abin da ya fito tas yake, siriri, ba gargada, har ya haura zuwa wata murya ta uku wadda kakakin gidanmu bai taɓa kaiwa ba. Mutane suka juyo. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Na hango ubana cikin taro yana murmushi. Bayan an tashi, dattawa suka riƙa dafa kaina suna cewa jikan ya fi kakan.

A hanyar gida mu biyu ne, ina saɓe da kakaki. Mun kusa tsamiya Tsoho ya tsaya.

"Mi kac ce?"

Na maimaita masa kirarin daga farko har ƙarshe, ban ɓata ko kalma ɗaya ba.

"A'a. Wanga da baki ka faɗe shi yanzu. Can wurin, mi kac ce?"

Na gyara kakakin a kafaɗata.

Ya ce, "Ni dai ban ji an yi magana ba."

Bai yi faɗa ba, bai daina ba ni kan kifi in an kawo miya ba. Amma bai sake kirana gindin tsamiya ba. Damina biyu bayan haka ya rasu. A maƙabarta na tsaya ina jiran kuka ya zo, abin da na iya lura da shi kawai laka ce da ta manne a takalmin liman. Mutane suka ce yaron yana da tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Babu komai ne a wurin.

Na yi shekara biyu ina busa a ƙofar hakimi, kowa yana yabawa. Daga nan na samu shiga makarantar horon malamai, na miƙa kakakin ga ɗan ƙanin Tsoho, na tafi. Na koyar a Dalijan, na koyar a Malisa, daga baya aka kawo ni Kalgo na zauna. Tun ranar da na miƙa shi ban sake ɗora ƙarfe a leɓena ba, ko na Tsoho ko na ubana.

Ubana ya ci gaba da busa a bukukuwa har ƙirjinsa ya gaza. A ciwonsa na ƙarshe ina zaune kusa da shi da rana, ba tare da na tambaye shi komai ba, ya ce, "Ka san abin da ya fitar da ni garin nan? Shekara tara Baba yana koya min, ban taɓa sa kakaki ya yi magana ba. Kunya ce ta kore ni." Na ce Allah Sarki, na gyara masa matashi. Na san magana ce babba, irin wadda ya kamata ta girgiza mutum. Na ajiye ta kawai.

Yanzu in ka je biki a Kalgo ko Gwandu za ka ga samari da kakaki, amma ba irin na Tsoho ba. Sun gajarta shi, wasu sun kai wa mai walda ya liƙa masa bakin begila. Ba mai cika kumatu. A gaban lasifika suke busawa, suna bin waƙar da ake yayi, murya huɗu, murya biyar, kuma a waya suke koyo daga mutanen da ba su san garinsu ba. Ango ma ana busa masa, ɗan takara ma haka. Ba na cewa sun lalata abu. Suna da numfashi, suna da gwaninta, ubana da ya gan su da ya ji daɗi.

Watan jiya jikan wanda na miƙa wa kakakin ya zo gidana a kan babur. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an faɗa masa ni kaɗai na rage cikin waɗanda Tsoho ya koyar, yana so in ba shi tsohon kirarin. Na faɗa masa sau biyu. Ya harhaɗa kakakinsa a ƙofar gida, ya ba wani yaro wayarsa ya riƙe tana ɗauka, ya busa. Tas ya fito, ba kuskure ko ɗaya. Ya juyo da wayar wajena.

"Baba, haka Tsoho yake yi?"

Na lalubi muryar kakakin Tsoho a kaina. Na ga tsamiyar, na ga jijiyar wuyansa, na ga zanen da ake naɗe kakakin. Sautin ne babu. Ban san shekarar da ya ɓace min ba.

Na ce, "Haka ne."

Ya yi godiya ya hau babur ɗinsa. An ce mutane da yawa sun kalla a waya, suna ta yi wa Tsoho addu'a, suna cewa ga busar asali, ga kuma dattijon da ya shaida.