In'inar Gidanmu

Na taso a wani ƙauye kusa da Kiyawa, a gidan da in'ina ta zama gado. Kakana ya yi ta, mahaifina ya yi ta, tawa kuma ta fi tasu. Kunyarta ta sa ko kanti aka aike ni, gara in nuna abu da yatsa.

Lokacin sanyi, bayan an ci tuwo, mukan kewaye Dada, kakarmu ta wajen uba, tana gasa mana gyaɗa a garwashi tana ba mu tatsuniya. Wata rana ta ce ni kaɗai zan amsa mata. Na buɗe baki, "Ta-ta-ta…" maganar ta maƙale. 'Ya'yan baffana suka kwashe da dariya. Na cusa kai tsakanin gwiwoyina, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dada ta bari suka gama. "To, ko ba a amsa ba, ga ta nan ta iso," in ji ta.

Ta ce an yi wani gari da mutanensa ba su san magana ba, sai nuni da gurnani. Wata mata tana daka, ta hango ɗanta yana rarrafe ya nufi rijiya. Ya ba ta baya, nuni ba zai yi ba. Sai wani abu ya taso mata daga ƙirji, ya fito guntu-guntu: "Tsa-tsa-tsaya!" Yaron ya waiwayo. Daga bakinta kowa ya koya, aka yi ta gogewa har magana ta yi santsi.

"Jikokinta suna nan har yau," Dada ta ce tana dubana. "Maganar takan zo musu yadda ta zo wa kakarsu. Ku masu dariya, aro kuka yi."

Tatsuniyar ba ta raba ni da kunyar ba. Na girma, na kama aiki a Dutse, a taro ni ne mai gyaɗa kai. Da 'yata Hauwa ta fara maƙalewa, likita ya ce abin yana bin jini, a ƙwayoyin halitta yake. Na koma gida a unguwar Yalwawa na kasa haɗa ido da ita.

Rannan ta dawo daga makaranta idonta ja. "Ba-baba, wa ya sa mini wannan?"

Sai a lokacin na gane Dada ba lallashina kawai ta yi ba. Dangi ta nuna mini, don kada in zaci ni kaɗai ne. Na zaunar da Hauwa a cinyata don in ba ta tatsuniyar Dada. Na daɗe ina kokawa da harafin farko, ita kuwa ta zuba mini ido tana jira, ba ta ƙarasa mini ba.