Ƙullin Baƙin Zare

Yayana Mai Fanka ake ce masa a layinmu, kuma sunan ya bi shi. Kwamfutar wasa yake haɗa wa mutane, amma kafin ya tambaye ka wasan da kake so, sai ya tambaye ka ta ina iska ke shiga ɗakinka. Fanka biyu a gaban akwatin kwamfutar, ɗaya a baya, man sanyaya injin ɗan ɗigo ba dambaɗawa ba. Wayoyin ciki kuwa ba ya ɗaure su da robar nan da kowa ke ja. Ya ce aikin malalata ne. Da baƙin zare yake ɗaurewa, zagaye biyu, ya ɓoye ƙullin a ƙasa. Mutum ɗaya ya taɓa koya wa: Autanmu, wanda ya riƙe tun rasuwar Baba har ya yi masa aure.

Ya daɗe yana haɗa wa wasu, shi tasa tsohuwa ce mai tari. Sai bara ya samu katin hoton da yake mafarki, wannan da ke zana duk abin da ake gani a wasa. Ranar da ya saka shi, wallahi har ni ya kira in zo in saurara.

"Me zan ji, Yaya?"

"Shi ke nan ai. Ba kya jin komai."

Da za a yi masa aikin ido, sai ya bai wa Auta makullin shago. Ya ce masa ya riƙa goge ƙura kawai.

Ya dawo, ya kunna kwamfutarsa, sai ga fanka na ihu kamar injin markaɗe, hoto na tsinkewa, gefen akwatin ya yi zafi. Auta yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce ƙila wutar ce ba ta da ƙarfi. Yaya ya ɗauki sukurudireba ya buɗe. Murfin katin nasa ne, amma abin da ke cikinsa tsohon kati ne aka yi wa riga.

Kai, ni nan take na hau! Na ce mai gyaran waya na kusa da mu ne, dama idonsa bai kwanta min ba. Har na ja gyalena zan fita in yi masa tas.

"Zauna," in ji Yaya.

Wayar wutar katin yake kallo. Ba a cire kati sai an kwance ta. Ga ta nan an mayar, baƙin zare, zagaye biyu, ƙulli a ɓoye. Ya juya ta da yatsa. Ƙullin ɓangaren hagu ya karkata, kuma a gidanmu bahago ɗaya ne.

"Ka iya, Auta," ya ce. "Ka iya sosai."

Auta ya fara cewa wai matsi ne ya sa ya ɗauka, wai da niyyar mayarwa. Ni na yi ta zagi har muryata ta dushe, don raina ya ɓaci fiye da yadda zan iya faɗa. Yaya ko kallonsa bai yi ba. Almakashi ya ɗauka ya bi zaren nan ɗaya bayan ɗaya yana yankewa.

Har yau suna gaisawa, Yaya yana ma tambayar lafiyar yaran Auta. Amma jiya na leƙa shagon, na tarar da Yaya yana ɗaure wayoyin wani da farar roba.