Ɗantala da Rasuwar Sarkin Kwarin Dunya

Ɗantala mai aski ne a Titin Koudoukou. Shagonsa na jikin nawa, inda nake sayar da bokitai da robobi, kuma katako ne kawai tsakaninmu. Duk abin da ya faɗa a kan wanda yake yi wa aski, a kunnena yake sauka. Haka na zama ɗalibinsa ba tare da na nema ba.

A unguwar Miskine aka haife shi, nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya zo Bangui da fataucin goro daga wani gari a arewacin Nijeriya, Kwarin Dunya, ya yi aure, bai sake komawa ba. Ɗantala bai taɓa taka garin ba. Da Faransanci yake lissafi, da Sango yake faɗa, Hausa kuwa ta fahariya ce da gaisuwar Juma'a. Ba zan yi masa gori ba, tawa Hausar ma ɗingishi take.

A shekarun rikici ya rasa gidansu na Miskine. Ya shigo unguwarmu ta Kilomita Biyar da matarsa Iyatu da 'ya'ya da injin aski a aljihu. Lokacin ne ake yawan ce mana mu koma inda muka fito, mu da ba mu san hanyar ba. Sai ya samo hoton Sarki Abdulsamad na Kwarin Dunya, ya rataya saman madubi. Sarkin sananne ne, muryarsa na yawo a rediyo da wayoyi, yana sasanta manoma da makiyaya, yana magana a hankali kamar mai rarrashin yaro. Ɗantala yakan nuna hoton ya ce in aka ce ba shi da gari, ga sarkinsa. Da fari dariya muke masa. Ban san ranar da ni ma na fara cewa sarkinmu ba, alhali kakannina daga wajen Damagaram suke, ko maƙwabtaka ba mu haɗa ba.

Wata Laraba da hantsi labari ya zo cewa Sarki ya rasu a mota, yana dawowa daga taro, har an zaci barci yake. Ɗantala ya bar kan wani mai moto, ɗan acaɓa, rabi a aske, ya zauna a benci ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da ya bar Miskine. Mai moton ya sa hularsa ya fita.

Bayan sadakar uku sai bincike ya tashi. Ɗantala ya ce babban mutum ba ya mutuwa a kujerar baya kamar buhun rogo, da hannun wani a ciki. Ya fara da lemon kwalba da aka ba Sarki a wurin taro. Daga nan ya koma kan direba. Sannan ya sauka a kan wanzamin fada, ya daɗe a nan, domin a cewarsa shi ya san abin da reza ke iyawa. Iyatu ta tuna masa cewa tsohon ya haura tamanin, ga ciwon suga da kowa ya sani. Ya ce mata wannan magana ce ta manya. Ta ce to manyan su tuna da cefane.

Ni na kawo rawani. Muna cin gasasshen nama da yamma na ce ai in ni ne, a rawani zan shafa gubar, gumi ya kai ta jiki. Wasa nake. Kafin naman ya ƙare na fara ganin hankali a maganar, kafin magariba na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ɗantala ya ɗauki waya ya naɗi bayani, ya ce wata majiya mai ƙarfi ta shaida masa. Majiyar na gefe tana sakace.

Bayan 'yan watanni wani saurayi, Imrana, sabon zuwa daga wancan yankin da takalman sayarwa, ya shigo aski. Da ya ga hoton ya yi wa Sarki addu'a, ya rage murya ya ce ai a can kowa ya san abin da ya faru, a rawani aka sa. Ya kunna mana saƙo, muryar wani da ba mu sani ba, yana rantsuwa cewa wani babban likita a Bangui ya tabbatar. Ɗantala ya dube ni ta madubi, idonsa ya cika.

"Ka ji ko, Sadiƙ? Har likita ya faɗa."

Na san babu likita. Na san daga bakin wa ta fito, da yajin da ke bakin a lokacin. Duk da haka na gyaɗa kai, na ce gaskiya ba ta ɓuya. A ranar nan, da takun likita na koma gida.

Wannan ya sa Ɗantala ya ce sai ya je ya gani da idonsa. Ya sayar da babur ɗinsa, Iyatu ta daina yi masa magana na ɗan lokaci, sannan ta soya masa nama na guzuri. Ya bi ta Garwa-Bulai, ya ratsa Kamaru, ya shiga ta Yola. Muka raka shi tasha kamar mai tafiya yaƙi.

Ya dawo a rame. Sai da ya kwana biyu ya ba ni labari, shago ba kowa.

Ya ce ko zauren farko na fada bai wuce ba. Da ya ce shi ɗan gari ne, dogarai suka tambaye shi wane gari, don gaisuwar Sango ce ta fara kufce masa. Mutane kuwa farashin taki suke tattaunawa, an riga an naɗa sabon sarki. Da ya nemi wanzamin fada aka nuna masa wani tsoho a gindin bango, hannunsa na rawa, ya daɗe da daina aski. Da aka ambaci marigayin sai tsohon ya fara hawaye, ya ce tare aka yi musu kaciya. Ɗantala ya haɗiye tambayoyin da ya ɗauko tun daga Bangui, ya faɗi sunan kakansa kawai. Tsohon ya san gidan, ya sa aka kai shi.

A gidan ya tarar da wata tsohuwa da ake kira 'Yargoggo, 'yar ƙanin kakansa. Ta shafa fuskarsa, ta ce goshin gidansu ne, ba shakka. Ta sa aka yanka kaza. Suna ci ta ba shi labarin yadda aka kashe kakansa a hanyar fatauci: abokin tafiyarsa ne ya zuba masa magani a fura don ya gaje goron. Kowa ya sani, in ji ta. Tun daga lokacin gidansu ba ya aure da gidan mutumin, ko wuta ba a ɗebowa.

Ɗantala ya ce mata kakan nan a Miskine ya tsufa, haƙoransa suka zube, tuwon rogo kawai yake iya ci, a kan cinyarsa shi ya koyi Fatiha.

"Kai yaro ne," ta ce. "Ba za su gaya maka ba."

"Goggo, to ni daga ina na fito?"

Ta ce wannan ikon Allah ne, amma kisa an yi.

Ya ce ya dube ta, ya ga yadda take ɗaga yatsa in tana magana, sak yadda shi ma yake yi. Washegari ya je gidan mutanen da ake zargi ya gaishe su. Suka ba shi ruwa, suna mamakin abin da ya kawo shi.

Tun dawowarsa bai sake zancen rasuwar ba. In wani ya tayar, sai ya ce Allah ya jiƙan Sarki, ya tambaye shi ko a rage saje. Majalisar shagon ta watse, aka bar ni da rawanina. Na yi nazari na gano cewa toshe masa baki aka yi a fada. Na faɗa wa matata, ta tambaye ni da me aka saye shi, tunda ko babur bai dawo da shi ba. Na ce mata irin waɗannan mutane ba sa barin shaida.

Yanzu duk Juma'a bayan masallaci yakan kira 'Yargoggo ta wayar wani jikanta. Yana gyara Hausarsa a wurin Imrana don kada ta yi masa dariya, kuma yana shirin kai mata babbar 'yarsa Amira da Sallah. Sai sun gama gaisuwa, ta tambayi Iyatu da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaya ko an gano wani abu game da kakan. Yakan ce mata ana kan bincike, Goggo, ki ci gaba da addu'a.