Ƙusoshin da ba a sa mini ba

Daga kan motar masara na faɗo a kasuwar Tudun Wada, ƙuguna na dama ya daki dutse. Da aka kai ni asibiti a Kano aka ɗauki hoto, likita ya nuna mini: wuyan ƙashin cinya ne ya karye, can ciki inda yake shiga kwatangwalo. Ya ce za su ja ƙafar su daidaita ƙashin suna kallo a na'ura, su ɗaure shi da ƙusoshin ƙarfe. In aka yi jinkiri, jini zai daina kai wa kan ƙashin, ya mutu. Na ce na yarda.

Yayana ne ya hana. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ban taɓa musa masa ba. Ya ce mutum ba ƙyaure ba ne da za a buga masa ƙusa, kuma da an sa ni barci ƙafar za su yanke. Ya ɗauke ni zuwa wurin wani maɗori a bayan Ƙafin Maiyaki. Mutumin ya ja, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera karare a cinyata. Ni ina ji a jikina karayar tana sama da inda kararen suka tsaya. Na faɗa, suka ce raki ne.

Ƙafar ta gajarce. Ban sake bin garmar shanu ba, gonata ƙanina ke huɗe mini.

Bara ɗan Yaya ya faɗi a babur a hanyar Ƙofa. Ƙugu ne shi ma. Ko gida ba a biya da shi ba, sai Kano, aka yi masa tiyata, aka sa masa ƙusoshi. Yanzu yaron har ƙwallo yake bugawa. Na ji masa daɗi, wallahi, ɗana ne.

Ranar da aka dawo da shi na dogara sandata na je. Na ce, "Yaya, shi ƙyaure ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai a kanka muka gane."

Shi ke nan abin da ya ce, har yau.

Ina zuwa gaishe shi kowace Juma'a, amma a tsaye. Mutane suna cewa na daina durƙusa wa yayana. Ƙugun ne ba ya lanƙwasuwa. Ban taɓa yi musu bayani ba.